Wasiƙa Daga Jos Kan Ajiyar Saituna

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Jos hunturu ya shigo, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa. Su Hajiya suna gaishe ka.

Ka nemi ra'ayina kan aikinka, wato inda ya dace manhaja ta riƙa ajiye saitunanta. Ka san a shagonmu na Terminus ana ɗauke wuta ba sallama, don haka abin da nake fara tambaya shi ne: idan kwamfuta ta mutu tana tsakiyar rubutu, me za a tarar in an kunna?

Ga fayil guda ɗaya, an daɗe da samun dabara a Unix, dangin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta irin su Linux. Ba ka taɓa tsohon fayil. Sai ka rubuta sabo a gefe, ka kira umarnin fsync don ya sauka kan faifai da gaske, sannan ka yi rename, wato ka ba shi sunan tsohon, ya maye gurbinsa a lokaci guda. Ko tsoho a tarar, ko sabo. Amma kada ka yi wasa da fsync ɗin nan. A 2009, da mutane suka fara gwada ext4, sabon tsarin ajiye fayil a faifai, a Ubuntu (wani nau'in Linux), wasu sun kunna na'ura bayan ta tsaya cak suka tarar fayilolin saitunan KDE da GNOME, manhajojin da ke tsara fuskar kwamfuta, wayam, babu ko harafi, saboda an riga an rubuta sabon suna alhali abin da ke ciki bai sauka ba. Sai a Linux 2.6.30 mai kula da ext4, Theodore Ts'o da kansa ya sa gyaran da ya rage wannan ɓarna.

Inda gizo ke saƙa shi ne canjin da ya shafi fayil uku ko huɗu. Ka canza adireshin saba (server) a nan, kalmar sirri a can, wuta ta tafi a tsakani. Tamkar POS ne: an cire kuɗi a asusunka, mai shago bai gani ba. Microsoft ta gwada magance wannan a Windows Vista da TxF, inda ake haɗa ayyuka da dama su tabbata tare ko su rushe tare, amma daga baya ita da kanta ta ce masu manhaja su nemi wata hanya. SQLite kuwa, ƙaramin rumbun ajiye bayanai, ya iya aikin sosai, sai dai saitunan sun shige rumbun da ba ka buɗewa da editan rubutu, kuma ranar da na'ura ta ƙi tashi, a ranar kake buƙatar karanta su da ido.

Ni dai da rubutu zalla zan tsaya. Kowane canji a yi masa sabuwar folda cikakkiya, a tabbatar ta sauka kan faifai, sannan a juya mahaɗi (symlink) guda ɗaya, wanda manhaja ke bi ta sami saitunan, ya nuna ta. Tsohuwar tana nan, in abu ya lalace a koma mata. Kusan haka NixOS, wani nau'in Linux, ke yi, kuma in kana kan tsarin ajiye fayil na Btrfs ko ZFS, kwafin bai cin wuri sosai tunda abin da ya canza kaɗai ake sake rubutawa.

In ka gama haɗawa, ka gwada shi da zare fulogi ana tsakiyar rubutu, a tsohuwar na'ura marar batir, ka turo min sakamakon. Yaushe za ka leƙo gida?

Naka,
Abokinka na Jos