Zuwa ga aminina, kan birkin a-kori-kura

Jega, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Fatakwal, ya ruwan saman nan naku da ba ya ɗaukewa? Mutanen gida duk lafiya, suna gaishe ka.

Sai maganar motar da ka bar mini amana. Kuɗin da ka turo na sabon masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ban saye shi da su ba, don ciwon ba a can yake ba. Direba ya ce in ya ɗauko albasa daga Aliero sai ya taka birki sau biyu kafin ta ji. Na shiga na danne na riƙe, ƙafata ba ta ci gaba da nutsewa ba. Da robar masta ce ta mutu, da a hankali zai sulale har ƙasa.

Muka ɗaga ta da jak, bakanike ya zare diram ɗin baya, wato kwanon ƙarfen da fatar birki ke kamawa ta tsayar da taya. Na dama, fatar birki ta cinye ta yi nisa da diram, shi ya sa takun farko ke ƙarewa wajen cike giɓi. Ɗan haƙorin da ake juyawa a matso da ita kuma tsatsa ta kama shi. Na hagu ya fi muni: robar aksul na yoyo, man giya ya jiƙe fatar baƙi ƙirin, ka shafa yatsa ya zame. Bakanike ya so a wanke da fetur a mayar. Na ce a'a. Fatar da ta sha mai, da ta ɗau zafi sai ta sake tsattsafo da shi. An canja robar, an canja fatun ɓangarorin biyu, in ba haka ba motar ta riƙa fizga gefe ɗaya.

Man birkin ya koma kalar baƙin shayi, muka zubar muka sa sabo, irin wanda ake kira DOT 3, muka fitar da iska, muka fara da tayar da ta fi nisa da masta. Wannan man yana shan danshi, in ya tsufa doguwar gangara na iya tafasa shi. Yaron mota kuwa sai da na tsawata masa, wai da baki zai hure ƙurar diram.

Wanda ya fi ƙarfina shi ne yawan lodin da direba ke yi wa motar. Ka kira direba da kanka, ya fi jin maganarka. Ragowar kuɗin kuma, in sayi tayar gaba ko in miƙa wa Hajiya?

Naka har kullum.