Zuwa ga 'yata da ta ce jimlolinta na Ingilishi suna rushewa

Assalamu alaikum, 'yata.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron iyaye da ɗalibai da aka yi nan Garwa, a ƙasar Kamaru, kin miƙe gaban jama'a kin yi mini tambaya. Kin ce kin haddace sifofin Ingilishi sun fi ɗari, kina zubo su kamar karatun allo, amma da an ce ki haɗa jimla sai komai ya wargaje. Kika ce: "Malam, kaina ne ba ya ja, ko kuwa mu 'yan ɓangaren Faransanci Ingilishi bai karɓe mu ba ne?" Kiran sallar la'asar ya riske mu, na ba ki amsa a tsaitsaye, kuma amsar ba ta kwanta mini ba. Shi ya sa na zauna na rubuto, na kuma sa wasiƙar a fili, don na ga ɗalibai da yawa suna gyaɗa kai lokacin da kike magana.

Kanki lafiyarsa ƙalau. Yarinyar da ke Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, ta kuma biya Larabci a islamiyya, ba za a ce harshe ya gagare ta ba. Hanyar da kike bi ce ta yi zagaye. Na daɗe ina gyaran takardun ɗalibai, kuma abu ɗaya nake gani: magana ta zo miki da Hausa, ki juye ta cikin Faransanci, sannan ki tura ta Ingilishi. A wannan zango na tsakiya kayan suke zubewa.

Dubi wannan. Da Hausa muna cewa farar mota, sabon gida, tsohuwar riga. Sifa tana gaba, suna yana biye. Ingilishi ma haka yake yi: a white car, a new house, an old gown. Faransanci ne yake yawan tura sifa baya, ya ce une voiture blanche. To in kika rubuta a car white, ba Hausarki ba ce ta kayar da ke. Da kin tashi daga farar mota kai tsaye, da kin sauka daidai. Wannan ne ya fi damuna a aji: yaro yana riƙe da mabuɗi a aljihunsa tun daga gida, mu malamai ba mu taɓa ce masa ya laluba ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai inda Hausar ma za ta ja ki rami. Sifofinmu na asali ba su da yawa, don haka muke jingina da "mai": ruwa mai sanyi, shayi mai zafi, mutum mai kirki. Waɗannan a bayan suna suke zama. A Ingilishi dole ki ɗauko su ki dawo da su gaba: cold water, hot tea, a kind man. Duk lokacin da kika ji "mai" a bakinki, ki tuna za a yi juyi.

Akwai kuma wani sauƙi da ba ki lura an yi miki ba. Mu muna da fari, fara, farare. Faransanci yana da blanc, blanche, blancs, blanches. Fulatanci ya fi su duka wuya, tun da sifa tana sauya kama gwargwadon ajin sunan da take bi. Ingilishi kuwa white ce kawai, ko namiji ko mace, ko ɗaya ko dubu: a white horse, a white cow, white horses. Amma hannun da ya saba da Faransanci yana ƙaiƙayin ƙara harafin s, sai ki ga whites cars a takarda. Ki bar sifa yadda kika same ta. Jam'i aikin suna ne.

Yanzu ga abin da yake rusa jimla da gaske. Bahaushe zai ce "shayin da zafi" ko "motar sabuwa ce", an gama magana ba tare da aikatau ba. Ingilishi bai yarda da haka ba. Sai an sa is ko are ko am a tsakiya, kamar ginshiƙin ɗaki: the tea is hot, the car is new. Ki ɗauka cewa "ne" da "ce" ɗinmu ne suka baro ƙarshen jimla suka dawo tsakiya. Faransanci kuma yana zuwa da nasa tarkon. Suna cewa j'ai faim, j'ai 17 ans, wato da aikatau na mallaka, sai ɗalibi ya rubuta I have hungry, I have 17 years. Daidai shi ne I am hungry, I am 17 years old. Yunwa da ƙishi da tsoro da shekaru, duk da am suke tafiya.

Kwatanci ma haka. Mu da "fi" muke aiki: Garwa ta fi Ngaundare zafi, kuma duk wanda ya taɓa hawa tudun Adamawa, inda Ngaundare take, a watan Afrilu ya shaida. Faransanci zai ce plus chaud que, sai ɗalibi ya bi sawu ya rubuta more hot that, ya yi kuskure biyu a numfashi ɗaya. Gajeriyar sifa wutsiya ake ƙara mata: Garoua is hotter than Ngaoundéré. Doguwa ita ce ke karɓar more, kamar more expensive. Kalmar haɗin kuma than ce, ba that ba. Good da bad ba su bin layi: good, better, best, sannan bad, worse, worst. Su kam sai hadda, kuma more better babu shi.

Ki kula da kalmomi masu kama da wane. Large a Faransanci faɗi ne, a Ingilishi girma. Sympathique mutum ne mai daɗin zama, amma sympathetic mai tausayawa ne. Akwai kuma tagwaye irin bored da boring: na farko wanda abu ya gundura, na biyu abin da ke gundurar mutane. Jerin da ake bi in sifofi sun taru, wato ra'ayi, girma, shekaru, siga, launi, asali, sannan abin da aka yi kayan da shi, gaskiya ne yana nan, kamar a big old black Chinese motorcycle. Amma ban so ki ɓata dare kina haddace shi yanzu ba. Sifa biyu a jimla sun ishe ki, kunne zai koyi sauran.

Laifin haddar nan da kika yi namu ne. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya, sai mu zaɓi abin da ke da sauƙin gyarawa: jerin kalmomi a allo da cike gurbi. Ɗalibi ya ci maki, amma bakinsa bai taɓa furta cikakkiyar jimla ba. Ranar da na gane haka sai na shiga aji da butar alwala ta roba, shuɗiya, wadda murfinta ya ɓata. Na ajiye ta kan tebur na ce kowa ya faɗi abu ɗaya a kanta. Aka yi tsit. Can wani yaro daga bencin baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ce kettle blue. Na ce ya faɗa da Hausa. Ya ce shuɗiyar buta. Ya ɗan yi jim, idonsa a kan butar, sai ya ce blue kettle. Ban gyara masa komai ba, shi ya ji da kunnensa. Kafin a kaɗa ƙararrawa ajin ya kai ga the blue kettle is older than my bucket, kuma har yau ina jin daɗin wannan rana a raina.

Batun cewa Ingilishi bai karɓe mu ba, wannan ya sosa mini rai. Ba harshen baƙi ba ne a Kamaru. Tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, da haɗewar ɓangaren masu Ingilishi da na masu Faransanci da aka yi ranar 1 ga Oktoba na shekarar ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, ɗan garin nan, ƙasar take tafiya da harsunan hukuma biyu. Cikin yankuna 10, biyu na masu Ingilishi ne, wato na Bamenda da na Buea. Zai tare ki a jarrabawar sakandare ta BEPC, ya tare ki a na gaba da ita, Probatoire da Bac. Ga kuma Yola da Mubi a maƙwabta, inda 'yan'uwanmu suke fatauci, takardun kaya da na asibiti duk da shi ake rubutawa. Rabonki ne kamar na kowa.

Ga abin da nake so ki yi. Ki ajiye jerin nan na ɗari tukuna. Kowace rana bayan magariba ki zaɓi abu uku da idonki yake gani a tsakar gida: tabarma, tulu, akuya, mayafin Inna. Kowanne ki fara sifanta shi da Hausa, ki tsallake Faransanci, ki faɗa da Ingilishi da murya, ba a zuci ba. Jimla huɗu za ki yi masa: ta bayani, ta tambaya, ta korewa, ta kwatanci. The mat is new. Is the mat clean? The mat is not heavy. The mat is longer than the bench. In ƙannenki sun yi dariya, ki sa su maimaita. Sai kin faɗa sannan ki rubuta.

Bayan mako biyu ki kawo mini littafin ranar Litinin lokacin tara, mu zauna ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis mu duba tare. Ki zo da ƙawayenki biyun nan da suka zauna kusa da ke a taron. Ki gaishe mini da Baba da Inna.

Naki,
Malaminku na Ingilishi, Garwa