Wasiƙar Godiya ga Sashen Tiyatar Ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo

Assalamu alaikum.

A madadin gidanmu nake rubuto wannan wasiƙa domin mu gode muku a bainar jama'a bisa aikin da kuka yi wa ƙanena, wanda ya karye a ƙwauri a haɗarin kabu-kabu, aka yi masa ɗorin gida, amma ƙashin ya ƙi haɗewa.

Da likita ya ce sai an ɗebo ƙashi daga ƙugunsa an cike wurin karayar, hankalinmu ya tashi, domin muna ganin za a ƙara wa mai ciwo ɗaya ciwo na biyu. Bai raina tsoronmu ba. Ya zaunar da mu ya bayyana cewa ƙashin mutum na kansa ya fi kamawa, saboda yana ɗauke da bargo mai rai kuma jiki ba ya ƙinsa. Ya kuma faɗi gaskiya cewa wurin da aka ɗebo ƙashin yakan fi wurin karayar zafi a kwanakin farko.

Abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne bayanin matakan da ake ɗauka don kauce wa matsala. Ana ja baya da kamar santimita 3 daga tsinin ƙugu na gaba, domin a nan kusa ne jijiyar da ke kai ji ga fatar gefen cinya take wucewa, in an taɓa ta fatar wurin takan daina ji ko ta riƙa zogi, kuma in an matsa kusa da tsinin yana iya ɓallewa. Ana ɗaga saman ƙashin kamar murfi, a kwaso lallausan na ciki, a mayar da murfin, a tsayar da jini sosai don kada ya taru, sannan a ɗinke nama mataki-mataki yadda hanji ba zai turo ta wurin ba. Mu da ba mu karanta likitanci ba, mun fahimci wannan duka, kuma a ganina wannan haƙurin yin bayani ya cancanci yabo kamar aikin kansa.

Muna kuma gode wa ma'aikatan jinya da suka kula da wankin ciwo, da masu gashin ƙashi da suka koya masa tafiya da sanduna. Yanzu hoto ya nuna ƙashin ya haɗe, cinyarsa lafiya lau, yana taka ƙafarsa zuwa masallaci.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Naku,
Yayan majinyacin,
Mabera, Sakkwato.