Takardar Shekara Biyu ta Fasahar Lantarki: Lissafin Wani Ma'aikaci a Jidda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana kan tambayar da ɗan yayana ya aiko mini daga Kano, wadda na san tana damun iyaye da yawa: shin takardar shekara biyu ta fasahar lantarki tana mayar da kuɗin da aka kashe a kanta, ko kuwa gara yaro ya daure ya yi cikakken digiri? Ni kaina irin wannan takarda nake riƙe da ita, kuma da ita na daɗe ina aikin kula da na'urorin lantarki a Jidda.

Ya kamata a fara sanin abin da ake saye. A Amurka ƙananan kwalejoji ne ke bayar da wannan ƙaramin digiri bayan karatun shekara biyu, a Najeriya kuma makamanciyarsa ita ce diflomar ND da ake yi a kwalejojin fasaha irin ta Kaduna, ƙarƙashin kulawar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa. A nan Saudiyya kwalejojin masana'antu na Jubail da Yanbu suna koyar da irin wannan karatu, sai dai galibi 'yan ƙasa suke ɗauka, don haka 'ya'yanmu masu zama da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙi, ba su cika sa rai da su ba. Ko'ina aka yi ta, wanda ta yaye ƙwararren ma'aikaci ne, wato wanda Larabawa ke kira fanni, kuma ba za a kira shi muhandis ba.

Ribarta a bayyane take, domin kuɗin makaranta bai kai na jami'a ba, kuma mai ita yakan riga abokinsa na jami'a fara karɓar albashi da shekara biyu ko uku. Ga gidan da ke jiran a tallafa masa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda lissafin ke rikicewa shi ne bayan an fara aiki, musamman ga mai niyyar zuwa nan. Sana'ar da aka rubuta wa mutum a iƙama ita ce ke bin sa ko'ina, kuma Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya ba ta yi wa mai difloma rajista a matsayin injiniya, komai daɗewarsa a aiki. Na tuna wani dare a tsakiyar zafi da na'urar sanyaya wani babban gini ta riƙa katsewa. Ni na tsuguna gaban akwatin wutar da mita a hannu, gumi na ɗiga a kan takardar zanen wayoyi, har na gano wata waya da ta saki ta ƙone bakinta. Da gari ya waye, wani matashin injiniya da bai cika shekara biyu da kammala jami'a ba ya sa hannu a rahoton, kuma albashinsa ya ɗara nawa nesa ba kusa ba. Ban ga laifinsa ba, tun da shi doka ta ɗora wa alhakin sa hannun, amma daga ranar na gane cewa tazarar shekara biyun da na ba shi ta daɗe da rufewa.

Sannan akwai kuɗin da ba a faɗa wa masu tahowa. Tun watan Yulin 2017 aka fara karɓar haraji a kan iyalin baƙi, daga riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai riyal 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku zai biya riyal 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, kafin a zo maganar haya da cefane. Wannan ne ya sa abokan aikina da dama suka mayar da iyalinsu gida. Haka kuma tsarin Nitaƙat, wanda aka fara a 2011, yana tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kuma tun 2021 aka ware musu kaso a ayyukan injiniya, saboda haka gurbin baƙo sai ƙara matsewa yake yi.

A ganina takardar tana biyan kuɗinta ne idan an ɗauke ta a matsayin matakin farko, aka kuma tabbatar tun kafin a biya ko kwabo cewa akwai hanyar ci gaba. A Najeriya mai ND yakan yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya koma ya ƙara shekara biyu ya sami babbar difloma, wato HND. A Amurka kuwa ba dukkan darussan fasaha jami'o'i ke karɓa ba idan ɗalibi ya nemi komawa sashen injiniya, domin lissafin da ake koyarwa a can ya fi zurfi, sai ya tarar da ya biya kuɗin wasu darussa sau biyu.

Na shawarci ɗan yayana ya yi diflomar, tun da mahaifinsa ba zai iya ɗaukar nauyin shekara biyar na jami'a a yanzu ba, amma da sharaɗin ya binciki ko NBTE ta amince da sashen, ya adana takardar sakamakonsa ta kowane zango, kuma kada ya nemi bizar aiki sai ya kammala HND. Kuɗin rajistar shekarar farko na ce ni zan aika masa.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin lantarki,
Unguwar Sabil, Jidda.