Zuwa ga ɗana, a kan zafin cikin nan naka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, mahaifiyarka ta gaya mini cikinka na yi maka zafi da tsakar dare, kuma kullum ka tashi daga aiki sai ka biya kemis ka sayi diclofenac saboda ciwon baya. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba, don ni ma ta nan na bi.

Kana ƙarami na wayi gari bayan gidana ya yi baƙi wuluk kamar kwalta, jiri na ɗibata, sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Likitan da ya duba ni ne ya fahimtar da ni abin da zan gaya maka. Asid ɗin da ke narkar da nama a ciki zai iya cin cikin kansa. Abin da ke hana shi wani yauƙi ne da ya lulluɓe bangon ciki, da ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashinsa. Jinin nan shi ke kawo iska da abinci ga bangon, ya kawo wani sinadari mai kashe tsami, kamar yadda kanwa ke yi wa miyar yakuwa, ya kuma kwashe asid ɗin da ya kutsa. In jini ya ragu a wurin, bangon sai ya yi rauni, gyambo ya buɗe, ya ƙi warkewa.

To su diclofenac da ibuprofen da asfirin aikinsu ke nan: suna rage yauƙin, suna rage jinin. Taba ma tana matse jijiyoyin, kuma na san kana sha, ɗana, ko ba ka faɗa ba.

Mutane na ɗora wa yunwa da barkono laifin gyambon ciki, amma galibi wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori. Likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta ta bayan gida ko numfashi, maganinta kuwa na kamar mako biyu ne.

Ka bar su diclofenac ɗin nan daga yau. In ciwon bayan ya matsa, sha farasitamol kafin ka ga likita. In ka ga baƙin bayan gida ko ka yi aman jini, kada ka jira gari ya waye. Na aika maka kuɗin gwajin. Ka kira ni ranar Juma'a in ji sakamako.

Allah ya ba ka lafiya.

Mahaifinka