Godiya ga madaba'ar da ta buga mana kartar koyon lissafi

Assalamu alaikum. Zuwa ga Alhaji mai madaba'a da dukkan yaransa na shago.

Bayan gaisuwa mai yawa, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin aikin da kuka yi wa ajinmu na yaƙi da jahilci ya wuce kuɗin da muka biya. Mun zo muku da buƙatar karta irin wadda kowa ya sani, mai kati 52, gida huɗu, kowane gida kati 13, amma ta koyar da ƙirga da tarawa, ba ta caca ba. Muka roƙi a cire zuciya da kan mashi da sauran alamomin Turawa, a sa ƙwarya da dabino da tauraro da dagin Arewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar matashin da ke kan kwamfutarku. Bai zauna yana jan alamomi ɗaya bayan ɗaya da hannu ba, alhali daga kati mai 1 zuwa mai 10 a gidaje huɗu alama 220 ce. Sai ya rubuta ƙa'idar jera alamomin sau ɗaya tak a Python, wato wani yaren ba kwamfuta umarni. Ya ajiye girman kati, inci 2.5 a faɗi, 3.5 a tsawo, ya tsara inda kowace alama za ta zauna, manhajar ta fitar da katunan a SVG, wato wani nau'in fayil ɗin zane, daga nan zuwa PDF. Ya kira ni gaban allon ya nuna mini kati mai 7: uku a dama, uku a hagu, ta bakwai a tsakiya daga sama. Mai 10 kuwa huɗu-huɗu ne a gefe, biyu a tsakiya. Alamomin rabin ƙasa duk a kife suke, lambar kusurwa ma haka, don ko ta ina ɗalibi ya riƙe katin zai karanta. Da dattawan ajin suka ce dabinon ya yi ƙanana ga idonsu, lamba ɗaya ya canza, nan take katunan gidan dabino suka gyaru baki ɗaya, babu wanda ya karkace. Ni dai a ganina wannan shi ne gwaninta.

Katuna 12 masu hoto, inda aka saba sa sarki da sarauniya, mun sa masu sana'a irin su maƙeri da marini da masaƙi. Nan ma kun kula, kun nemo salon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, maƙeri bai koma makeri ba, abin da madaba'u da yawa ba sa damuwa da shi. Kun kuma bar rarar milimita 3 a kowane gefe don kada farin layi ya fito bayan yanka.

Alhaji, kyautar da ba zan manta ba ita ce da ka ce a ɗora mana rubutun manhajar a filas, mu tafi da abinmu, duk da ka san wani zai iya kai shi wata madaba'ar. Mu kam gare ku za mu dawo, don matan ajin yamma sun riga sun nemi tasu kartar mai haruffa.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci yaran nan da iliminsu. Wassalam.

Naku,
Malamin ajin yaƙi da jahilci