Wasiƙa daga Damagaram kan ranar da ke tsakiyar tuta

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Shirun ya yi yawa, ko tuwon Kano ne ya mantar da kai hanyar Zengo?

Albishirinka, ƙanenka ya samu aikin ɗinka wa makarantu tutocin Nijar saboda bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba, kuma kai ya ce za ka aiko masa da yadi daga Kantin Kwari. Na san hannunka da son araha, shi ya sa na riga shi magana. Kada ka sayo yadi mai zuba. Ruwan goron ne ke fara koɗewa a rana, in kuma ya jiƙa sai ya rine farin. Ka yanki ƙyalle ka tsoma a ruwan zafi tun a gaban mai kanti.

Tun da kana can, ka tambayi maƙwabtanka ko sun san tutar Najeriya ma da rana aka fara zana ta. Michael Taiwo Akinkunmi, haifaffen Ibadan, yana ɗalibi a Landan ya ga sanarwar gasa a jarida, ya aika da nasa zanen: kore, fari, kore a tsaye, da jar rana mai haskoki a cikin farin. Alƙalan gasar suka cire ranar suka bar sauran, aka ba shi fam 100, aka ɗaga tutar ran 1 ga Oktoba 1960. Abin da ke ci mini rai, lambar girma ta ƙasa ba ta iske shi ba sai 2014, ya kuma rasu a 2023.

Tamu ta Nijar ta riƙe ranarta. An amince da ita ran 23 ga Nuwamba 1959, Diori Hamani na jan gwamnati, Boubou Hama na shugabancin majalisa, tun kafin 'yancin 3 ga Agusta 1960. Bayan kwana goma Kwaddibuwa ta ɗauki launukan nan namu uku, ruwan goro, fari da kore, amma nata a tsaye, ba rana.

Ranar ce ke ba teloli wahala. In tsayin tuta santimeta 120 ne, kowane layi 40 ke nan, sai a yanka da rarar biyu saboda ɗinki. Ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, ranar kuma ruwan goro ce a cikin farin. A ɗaura alli a zare a zana da'irar, faɗinta kamar 30, don kada ta taɓa sama ko ƙasa. Biyu ake yankawa, gaba da baya, a haɗa su daidai, in ba haka ba hasken rana zai nuna karkacewar. Bakin da ke kaɗawa a yi masa kalmasa da ɗinki uku, don daga nan iskar hunturu ke fara yagawa.

Af, mai shayinku na bakin tasha ya ƙara aure, ya ce har yanzu yana bin ka kuɗin kofi biyu. Hajiya kuma ƙafar ta yi sauƙi, jiya har Kasuwar Dole ta je da kanta. Ta ce in za ka ba direba yadin, ka haɗo mata da turaren nan nata.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Birni